Malam Sa'adu Zungur da Sojan Bama

Malam Sa'adu Zungur mutumin Bauci ne, ɗan gidan malamai. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sa'an nan ya zarce ta Yaba a Ikko. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare cikin 1945, samarin da Turawa suka kwasa zuwa Bama suka fara komowa, sai ya tsara musu waƙar Maraba da Soja. Da yabon jarumtaka ya soma, amma batun 'yanci ya dosa, domin kuwa waɗanda aka ce sun yi yaƙin 'yanci sun tarar da ƙasarsu tana hannun Ingila tun faɗuwar Sakkwato a 1903. Ya rasu cikin 1958 bayan doguwar jinya, saura shekara biyu a sami mulkin kai.