Sarkin Musulmi Attahiru Na Ɗaya Da Makwancinsa Na Burmi

Wata al'ada ce ta mutanen Sakkwato su riƙa yi wa sarakunansu laƙabi da garin da ƙasa ta rufe su. Saboda haka mai bin salsalar gidan Atiku yana bin kaburbura ne ɗaya bayan ɗaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana kwance a Hubbare cikin birnin Sakkwato tun 1817. Ɗansa Abubakar Atiku ya rasu a Katuru cikin 1842, aka ce masa Mai Katuru. Ɗan Atiku, watau Ahmadu, ya rasu a Cimmola cikin 1866, aka ce masa Mai Cimmola. Amma da an zo kan Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu, sai sawu ya bar ƙasar Sakkwato ɗungum, ya nufi gabas.

Attahiru ya hau gadon kakanninsa cikin watan Oktoba na 1902, bayan rasuwar baffansa Abdurrahman, shi ne na goma sha biyu in an fara ƙirga daga Shehu. Ya hau ne a lokacin da hadari ya riga ya haɗu. Kano ta faɗi hannun Turawa cikin Fabrairu 1903, manyan Sakkwato kuwa ra'ayinsu ya rabu uku: yaƙi, ko sulhu, ko hijira. Ran 15 ga watan Maris aka yi karo a filin Giginya, bindigogi masu ruwa suka rinjayi takobi da mashi. Waziri Buhari ya zauna tare da jama'ar da ba ta iya tafiya, Turawa suka naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba.

Shi kuwa Sarkin Musulmi sai ya zaɓi hijira, da niyyar isa Makka. Ko'ina ya ratsa, manoma na barin gonaki, malamai na ɗaukar littattafansu, suna bin sa. Sarkin Misau Ahmadu da Magajin Keffi Ɗan Yamusa suna cikin ayarin. Wannan cincirindo shi ya tayar wa Turawa da hankali, suka bi shi har Burmi, kusa da kogin Gongola. Cikin watan Mayu mutanen garin suka kore su. Ran 27 ga Yuli suka komo da ƙarin shiri. A ranar Attahiru ya yi shahada tare da mutum fiye da 600, kwamandan Turawa Manjo Marsh shi ma ya faɗi, aka ƙone garin.

Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har ƙasar Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar. Tutar da aka ƙwace kuma, an mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ita cikin 1960.

To, ga zuriya ta rabu biyu, wasu a Sakkwato, wasu a Sudan, kakansu kuwa yana kwance tsakani, a kufan Burmi kusa da Bajoga cikin Jihar Gombe, ba nisa da kabarin Marsh. Wanda bai san nasabarsa ba sai ya wuce ta wurin bai yi ko sallama ba. Don haka ne malamai suke kwaɗaitar da sanin asali: ba don alfahari ba, sai don sada zumunci da yi wa magabata addu'a. Ziyarar kabari kuma wa'azi ce ga mai rai, wanda bai san ƙasar da za ta kira shi ba. Hakki ne a kan iyaye su rubuta wa 'ya'yansu sunayen kakanni da makwancinsu tun tsofaffin da suka sani ba su ƙare ba.

Allah Ya jiƙan Attahiru da shahidan Burmi, Ya sa Aljanna ce makomarsu, amin.