Arkimidis Ma'aunin Da'ira

Duk wanda ya dubi faifai, ko bakin rijiya, ko ƙafar jirgin ƙasa irin wanda ya fara isa Kaura Namoda a shekarar 1929, ya ga da'ira. Tun zamanin da masana ke tambaya, faɗin da'ira nawa ne ke cikin kewayenta? Kowa ya san ya ɗara uku kaɗan, amma ɗorin nan shi ne ya gagara. Wanda ya fara kama hanyar warware wannan matsala da hujja shi ne Arkimidis.

An haifi Arkimidis wajen shekara 287 kafin haihuwar Annabi Isa, a Sirakus, wani birnin Girkawa da ke tsibirin Sisili. Ubansa, Fidiyas, masanin taurari ne. Yaron ya tashi da son lissafi ƙwarai, har ya zama yana musayar wasiƙu da manyan malaman Iskandariya ta ƙasar Masar.

Ga dabarar da ya yi. Da yake layi miƙaƙƙe ya fi lanƙwasasshe sauƙin awo, sai ya zana siffa mai gefe 6 a cikin da'ira, ya zana wata a wajenta. Ta ciki ba ta kai da'irar tsawon kewaye ba, ta waje kuwa ta fi ta. Sa'an nan ya riƙa ninka gefunan, daga 6 zuwa 12, zuwa 24, zuwa 48, har 96. Kowane ninki sai siffofin nan biyu su ƙara matse da'irar, kamar yadda mafarauta ke ritsa zomo. Daga ƙarshe ya tabbatar cewa adadin ya fi 223/71, amma bai kai 22/7 ba, watau uku da subu'i. Bai ce ya sami ainihin adadin ba, iyakacin abin da ya tabbatar ya faɗa.

Amfanin wannan a fili yake. In magini a Zurmi ko Shinkafi zai gina rumbu mai faɗin ƙafa 7, kewayensa zai zama ƙafa 22, kuskuren kuwa bai wuce ƙwayar dawa ba.

Da tsufansa, Rumawa suka kewaye Sirakus da yaƙi. Ya ƙera wa mutanensa na'urorin jifa da duwatsu, suka daɗe suna tare abokan gaba. A shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa aka ci birnin. Sarkin yaƙin Rumawa, Marselus, ya yi umurni kada a taɓa shi, amma wani soja ya same shi, an ce yana cikin zanen lissafi, ya kashe shi. Yana da shekara kamar 75.

Aikinsa bai mutu ba. Bayan shekara kamar 700, wani masanin ƙasar Sin, Zu Chongzhi, ya samo 355/113, wanda ya fi matsowa kusa. A shekarar 1761 kuma Lambert ya tabbatar babu wani kaso irin waɗannan da zai cika adadin daidai, wanda yanzu ake kira fai.

Ku sami zare da faifai, ku auna kewayen, ku raba da faɗin, ku ga ko amsarku za ta kusanci ta Arkimidis.