George Cannon: ɗan mishan ɗin da ya zauna a Hawai har ya ji harshen mutanenta

A watan Disamban 1850, ƴan mishan goma na cocin Mormon suka sauka a Honolulu, babban birnin masarautar Hawai da ke tsakiyar tekun Pasifik. Ba a yi nisa ba biyar daga cikinsu suka karaya suka bar tsibiran. Cikin waɗanda suka tsaya har da George Q. Cannon, saurayi ɗan shekara 23.

An haifi Cannon ranar 11 ga Janairun 1827 a Liverpool ta Ingila. A 1840 mijin gwaggonsa, John Taylor, ya zo wa'azi daga Amurka, iyalin kuma suka shiga sabon cocin da Joseph Smith ya kafa a 1830. A 1842 suka hau jirgin ruwa zuwa Amurka. Mahaifiyarsa ta rasu a tsakiyar teku, mahaifinsa ya bi ta a 1844. Taylor ya riƙe marayan a garin Nauvoo, ya koya masa aikin ɗab'i. A 1847 ya bi ayarin mabiya cocin da suka yi ƙaura zuwa yankin Utah, daga nan aka tura shi haƙar zinariya a Kalifoniya, sannan wa'azi a Hawai.

Tawagar ta zo ne da niyyar yi wa Turawa mazauna tsibiran wa'azi da Ingilishi, amma Turawan kaɗan ne, kuma ba su ba su kunne ba. Cannon ya ga cewa idan za a ci gaba, to sai dai a nufi ƴan ƙasa, wanda hakan ba zai yiwu ba sai da harshensu. A tsibirin Maui, shi da abokansa ba su da kuɗin haya, wata tsohuwa a garin Lahaina ce ta ba su masauki. Ya zauna cikin mutane, yana cin tuwon gwazarsu da ake kira poi, yana saurare yana maimaitawa, har ya fara wa'azi da harshen cikin ƴan watanni.

A garin Wailuku ya haɗu da Jonathan Napela, alƙali mai ilimi, ɗan gidan sarauta. Fastocin Furotesta, waɗanda ke ƙasar tun 1820 kuma su ne suka fassara Littafi Mai Tsarki, ba su yi maraba da sababbin masu wa'azin ba. Duk da haka aka yi wa Napela baftisma a Janairun 1852. Su biyun suka duƙufa kan fassara Littafin Mormon: Cannon ya rubuta, Napela ya gyara masa har maganar ta zauna yadda ɗan ƙasa zai faɗe ta. Napela ne kuma ya kawo shawarar a fara koya wa sababbin ƴan mishan harshe kafin a sake su cikin gari. Lokacin da Cannon ya bar Hawai a 1854, dubban ƴan ƙasar sun riga sun shiga cocin. A 1855 ya buga fassarar a San Francisco.

A 1860 aka naɗa shi cikin manyan jagororin cocin su 12, aka mayar da shi Liverpool, inda ya riƙa shirya jiragen da ke kwasar sababbin mabiya daga Turai zuwa Amurka, hanyar da ta ci ran mahaifiyarsa. A 1872 aka zaɓe shi wakilin Utah a majalisar dokokin Amurka. Sai dai yana da mata fiye da ɗaya, kamar yadda cocin ke koyarwa a lokacin, dokar Amurka kuwa ta hana. A 1882 aka raba shi da kujerarsa, a 1888 aka ɗaure shi na wajen wata shida. Yana cikin shugabanni lokacin da cocin ya sanar da daina wannan aure a 1890.

Napela kuwa, da aka killace matarsa saboda kuturta a tsibirin Molokai a 1873, ya bi ta can, ya kamu da cutar, ya rasu a 1879.

A Disamban 1900 Cannon ya koma Hawai bikin cika shekara 50 da zuwansu, ya yi wa jama'a jawabi da harshen da ya koya yana saurayi. Ya rasu ranar 12 ga Afrilun 1901 a Monterey ta Kalifoniya. A jami'ar cocin da ke Laie a Hawai, akwai mutum-mutumin Cannon da Napela tare.