Charles Sherrington, Mutumin da Ya Gano Dalilin da Ƙafar Dabba Ke Sandarewa ko Ta Saki

Duk ɗalibin da ya saba bin hanyar Dundaye ya san yadda awaki da karnuka ke tsallaka titi kamar na gidan ubansu. Wata rana ɗan kabu-kabu zai bugi akuya, a kwashe ta a kai gida, ƙafafun baya sun ƙi ɗaukarta. Sai dai in ka lura, ba duka ne suke kwanciya iri ɗaya ba. Wata ƙafarta za ta yi tauri, in ka mintsini tsakanin kofatonta ta fizge da ƙarfi, amma tafiya ta gagara. Wata kuwa ƙafar ta saki kamar tsumma, ka ɗaga ka saka ta faɗi yaraf. A wurin mai akuya duk sunansu ɗaya, ta shanye. A wurin likitan dabbobi ciwo biyu ne a wurare biyu, kuma sanin wurin na cikin abin da zai sa ya ba da shawarar a yi jinya ko a yanka tun tana da nama. Mutumin da aikinsa ya fi bayyana dalilin wannan bambanci shi ne Charles Scott Sherrington.

An haife shi a Landan ranar 27 ga Nuwamba, 1857, ya tashi a garin Ipswich a gidan wani likita mai suna Caleb Rose. Yana saurayi ɗan ƙwallo ne, har ya buga wa Ipswich Town. Ya fara karatun likita a asibitin St Thomas, daga baya ya tafi Cambridge wajen Michael Foster, babban malamin ilimin yadda jiki ke aiki.

Wani kare ne ya ja shi cikin harkar jijiyoyi. A 1881 an yi babban taron likitoci na duniya a Landan, gardama ta kaure tsakanin manya biyu. Friedrich Goltz ya zo daga Strasbourg da karen da ya cire wa wani ɓangare na ƙwaƙwalwa, ga shi yana yawo abinsa, hujjarsa ke nan cewa motsi ba shi da mazauni guda a ƙwaƙwalwa. David Ferrier kuma ya fito da birin da aka taɓa wa wuri ɗaya, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka aika da rabin ƙwaƙwalwar karen Cambridge don a bincika, John Langley ya ɗauki Sherrington ya taya shi, suka bi sawun jijiyoyin da suka lalace daga ƙwaƙwalwa zuwa laka, suka buga sakamakon a 1884. Ferrier ne ya fi gaskiya, amma karen Goltz ma ba ƙarya ya yi ba. Kare da akuya da doki ba su dogara da ɓawon ƙwaƙwalwa wajen tafiya kamar mutum da biri ba, hanyoyin da ke tasowa daga gindin ƙwaƙwalwa su suka fi riƙe musu tafiyar. Shi ya sa raunin da zai kwantar da mutum, kare kan miƙe da shi yana tangaɗi.

Daga nan ya ɗan yi yawo. Ya yi aiki da Goltz, ya je Sifen a 1885 da Italiya a 1886 binciken kwalara, ya zauna a Berlin wajen Robert Koch. A 1891 ya auri Ethel Wright, a shekarar kuma aka ba shi shugabancin Brown Institution, wani asibitin dabbobi na Jami'ar Landan inda marasa ƙarfi ke kai dawakai da karnukansu. Likitan mutane ne, ba na dabbobi ba, amma shekara huɗu ya yi a tsakiyar dabbobi marasa lafiya. A can ne a 1894 yake yi wa wani doki allura don samar da maganin mashaƙo, sai cutar ta kama wani yaro ɗan ɗan'uwansa. Ya ɗebi jinin dokin, ya tace ruwansa, ya kai aka yi wa yaron, yaro ya tashi. Wannan na cikin karo na farko da aka gwada maganin a Ingila. Mu da muka ga yadda mashaƙo ya ɗebi yara a Arewa a 2023 mun san ba ƙaramin abu ba ne.

A 1895 ya zama farfesa a Liverpool, kuma a nan ya yi aikin da ya sa har yau ake kiran sunansa. Tun 1886 wani likita, William Gowers, ya rubuta cewa hanyar da umarnin motsi ke bi kashi biyu ce. Akwai jijiyar sama, wadda ke tasowa daga ƙwaƙwalwa ta gangaro cikin laka. Akwai jijiyar ƙasa, wadda ke fitowa daga laka ta tafi har cikin tsoka. Gowers ya gano haka ne a jikin majinyata. Abin da ya rage shi ne a san me ya sa lalacewar ɗaya ke kawo tauri, ta ɗayar kuma ke kawo saki.

Sherrington ya ɗauki abin da kowa ke raina, susar kare. Ya raba lakar kare da ƙwaƙwalwarsa, bayan dabbar ta murmure sai ya taɓa fatar bayanta kamar yadda ƙuma ke yi. Ƙafar baya ta ɗaga ta fara susa, alhali saƙon bai kai ƙwaƙwalwa ba. Ke nan laka na da nata aikin, ba igiyar waya ce kawai ba. Ya kuma ga cewa in ya mintsini ƙafar tana cikin susa, sai susar ta tsaya, ƙafar ta janye. Umarni biyu sun zo, ɗaya ya ba ɗaya hanya. Daga nan ya fahimci cewa saƙon ƙwaƙwalwa da na fata da na tsoka duk a kan jijiyar ƙasa suke haɗuwa, ita kaɗai ce mafita. Kamar gida ne mai ɗakuna da yawa amma zaure ɗaya. In zauren ya rufta, ko wane ne a ciki ba ya fita. Ƙafar ta saki, ka buga gwiwa ba ta harbawa, cikin mako ɗaya zuwa biyu cinyar ta fara ramewa. Abin da ke faruwa ke nan in allura ta sami babbar jijiyar cinyar rago, ko saniya ta sha wahalar haihuwa ɗan maraƙi ya danne mata jijiya, ko shanu sun ci ƙashin mushe mai guba. A jikin mutum, shan inna ke nan.

Ɓangaren da ni ya fi burge ni shi ne na hanawa.  Sherrington ya nuna cewa duk lokacin da tsokar lanƙwasa gwiwa ta ja, akwai saƙon da ke sa kishiyarta ta saki, in ba haka ba ƙafar ta ƙage. A 1898 ya bayyana yadda ƙafafun kyanwa ke miƙewa su sandare in an yanke hanya a gindin ƙwaƙwalwa. Ashe babban ɓangare na aikin jijiyar sama riƙe linzami ne. In mahayi ya faɗi ranar hawan Sallah doki ba ya mutuwa, sai ma ya ƙara gudu, ba dai inda ake so ba. Haka ƙafar akuyar da ta karye a tsakiyar baya take, zaurenta lafiya lau, mai linzamin ne ya yanke. Ga tauri, ga harbin gwiwa har ya wuce ƙima, tsoka kuma ba ta saurin ramewa. Mai shanyewar ɓarin jiki bayan hawan jini a wannan layi yake. Ya kuma nuna cewa gubar tetanus, wadda ke sandarar da jaki da doki, wannan hanawar take rushewa.

Akwai wata alama da likitocin dabbobi ke kira da sunansa haɗe da na Moritz Schiff. Mota ta bugi kare a tsakiyar baya, ƙafafun baya su shanye, na gaba kuma su miƙe tsaf in yana kwance. Wanda bai sani ba zai rantse wuya ne ya karye. Ba wuya ba ne, wasu jijiyoyin hanawa ne da ke hawa daga ƙugu zuwa gaba aka yanke. Ka tallafe shi, da ƙafafun gaban zai taka.

Shi ne ya raɗa wa mahaɗar jijiya da jijiya sunan sinaps a 1897, kuma a 1906 ya tara bincikensa a littafin The Integrative Action of the Nervous System. Gaskiya ba zan ɓoye ba, karnuka da kyanwoyi da birai masu yawa suka biya kuɗin wannan ilimi. Ana sa musu maganin barci, kuma tun 1876 dokar Ingila ta wajabta lasisi, amma duk da haka karanta yadda aka yi ba daɗi.

A 1913 ya koma Oxford. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana da shekara hamsin da wani abu, ya shiga masana'antar harsasai a Birmingham a matsayin lebura ba tare da an san ko wane ne shi ba, don ya ji a jikinsa abin da dogon aiki ke yi wa ma'aikaci. Ya shugabanci Royal Society daga 1920 zuwa 1925, ya raba kyautar Nobel da Edgar Adrian a 1932. Cikin waɗanda suka yi karatu a hannunsa akwai John Eccles da Howard Florey, kowannensu ya sami Nobel daga baya. Har waƙoƙi ya rubuta ya buga.

Matarsa ta rasu a 1933. Da tsufa ya kama shi, ciwon gaɓoɓi ya hana shi tafiya, amma hankalinsa garau, yana karatu yana rubutu. Ya mutu a Eastbourne ranar 4 ga Maris, 1952, yana da shekara 94.