Adolf Erik Nordenskiöld

Adolf Erik Nordenskiöld (18 ga Nuwamba, 1832 – 12 ga Agusta, 1901) masanin ma'adanai ne kuma mai binciken ƙasa, haifaffen Finlan da ya yi yawancin aikinsa a Suwidin. Shi ne ya jagoranci jirgin ruwa na farko da ya tashi daga Turai ya kai Tekun Pasifik ta arewacin Rasha, a kan hanyar da ake kira Mashigin Arewa maso Gabas.

Farkon rayuwa

An haife shi a Helsinki lokacin da Finlan ke ƙarƙashin daular Rasha. Mahaifinsa ma masanin ma'adanai ne. Ya yi karatu a jami'ar Helsinki, amma wani jawabi da ya yi a shekarar 1857 ya fusata hukumomin Rasha, dole ya bar ƙasar. A 1858 aka ba shi shugabancin sashen ma'adanai a gidan adana kayan tarihin halittu na Stockholm. Daga wannan shekara ya fara zuwa tsibiran Spitsbergen, inda ya san halin ƙanƙarar teku.

Neman hanyar ciniki

Siberiya na da katako da hatsi da fatu, amma fitar da su ta ƙasa na da tsada, kuma manyan kogunanta, Ob da Yenisei da Lena, duk arewa suke kwarara zuwa teku mai daskarewa. Nordenskiöld ya yi hasashen cewa ruwan kogunan na buɗe hanya a bakin gaɓa a ƙarshen lokacin zafi. A 1875 ya ratsa Tekun Kara ya kai bakin Yenisei, sannan a 1876 ya koma da jirgin Ymer ɗauke da kayan sayarwa.

Tafiyar Vega

Sarki Oscar na II da attajirai biyu, Oscar Dickson da Aleksandr Sibiryakov, su suka ɗauki nauyin babbar tafiyar. Jirgin Vega, wanda Louis Palander ke tuƙawa, ya bar Tromsø a Yulin 1878. Ranar 19 ga Agusta ya kai Chelyuskin, ƙurewar arewacin nahiyar Asiya. A ƙarshen Satumba, saura tafiyar kwanaki kaɗan su kai Mashigin Bering, ƙanƙara ta rufe su. Sun shafe kusan wata goma a wurin, suna nazarin yanayi da rayuwar mutanen Chukchi. Ƙanƙarar ta sake su ranar 18 ga Yuli, 1879, suka isa Yokohama ranar 2 ga Satumba. Sun koma Stockholm ta Mashigin Suez ranar 24 ga Afrilu, 1880.

Ra'ayinsa kan amfanin hanyar

Duk da nasarar, bai zuzuta hanyar ba. A ganinsa zirga-zirga tsakanin Turai da kogunan Ob da Yenisei za ta iya kawo riba, amma bin hanyar gaba ɗaya zuwa Pasifik da wuya ya amfani 'yan kasuwa, domin lokacin buɗewarta gajere ne kuma ba shi da tabbas. Sai a 1932 ne wani jirgin Tarayyar Sobiyat mai suna Sibiryakov ya ratsa ta a cikin kaka guda.

Rasuwa da tasiri

An ba shi sarautar baron a 1880. Ya ƙarasa rayuwarsa yana tara tsofaffin taswirori, waɗanda yanzu suke babban ɗakin karatu na ƙasar Finlan. Ya rasu a Dalbyö, Suwidin.

Ɗumamar yanayi ta sake jawo hankali ga hanyarsa. Daga arewacin Turai zuwa Japan, ta fi ta Suez gajarta da kusan kashi ɗaya cikin uku, wanda ke rage kwanaki da kuɗin mai. Sai dai matsalar da ta tsare Vega na nan. Jirage kan buƙaci rakiyar masu fasa ƙanƙara, inshora na da tsada, tashoshin ceto kuma sun yi nisa da juna. Idan mai ya malala cikin ƙanƙara, kwashe shi na da matuƙar wuya, baƙin hayaƙin jirage kuma na sauka a kanta ya hanzarta narkewarta. Don rage haɗarin, dokar Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya kan tekunan ƙanƙara ta fara aiki a Janairun 2017.