Nana Asma'u ɗiyar Shehu, uwar Ƴan Taru



Da shugabannin ƙungiya suka ba ni shafi guda in kawo tarihin wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen yi wa jama'a hidima, sai na zaɓi Nana Asma'u. Sunanta dai kowa ya taɓa ji, amma ni kaina sai da na bar lakkol na shiga jami'a na san girman aikinta.

An haife ta a Ɗegel a shekarar 1793. Mahaifinta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Maratta aka haife shi, nan ƙasarmu, wajajen Galmi cikin jihar Tawa. Ƴan biyu ne ita da ɗan uwanta Hasan. Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka tun tana yarinya ta ga yunwa, ta ga gudu daga gari zuwa gari, ta ga matan da yaƙi ya raba da mazajensu. Duk da haka ba ta aje allo ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta iya Larabci da Fillanci da Hausa da Buzanci. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin ɗan uwanta Muhammadu Bello.

Akwai abin da bai kamata mu ɓoye ba. Zamaninta zamanin yaƙi ne, kuma kakannin da yawa daga cikinmu suna ɗaya ɓangaren. A 1836, a Gawakuke, Bello ya gwabza da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Yaƙe-yaƙe irin wannan sun bar zawarawa da marayu da matan da aka kamo aka zube a ƙauyuka, ba karatu, ba mai koya musu ko alwala. To, nan ne Nana ta sa hannu.

Kun san matar aure mai goyo ba ta iya baro gida ta yi tafiyar kwana da kwanaki don neman ilimi. Sai Nana ta nemo dabara. A kowane yanki ta zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, ta naɗa ta jaji, ta sa mata malafa da jan rawani. Malafar nan mata sun saba ganinta a kan Innar Gobir, shugabar bori, don haka duk wadda ta gan ta ta san mai ita tana da iko. Jaji takan jagoranci tsofaffi da ƴan mata ƙanana su taho Sakkwato a ƙafa, su zauna wurin Nana, su haddace waƙoƙinta, su koma su koya wa waɗanda suka bari a gida. Su ne ake kira Ƴan Taru.

Me ya sa waƙa? Domin wadda ba ta iya karatu ba tana iya riƙe waƙa a ka, ta rera tana daka ko tana kaɗi. Nana ta bar rubuce-rubuce wajen 60. A ciki akwai waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, akwai masu koyar da tauhidi da salla da tarihin Annabi (SAW).

Kuma karatun bai tsaya a baki ba. Ƴan Taru su ne masu jinyar marar lafiya, masu wankan gawar mata, masu share masallaci, masu sasanta maƙwabta. Kyautar da suke kawo mata, hatsi ko zuma ko man shanu, takan raba wa mabukata. Da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, Nana ta yi mata waƙar ta'aziyya kamar yadda ta yi wa Bello da Giɗaɗo. Ɗiyar Shehu ce, matar waziri, amma ba ta raina matar ƙauye ba.

Ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato. Ƙanwarta Maryamu ta ɗauki aikin, ya ci gaba bayanta, domin ta horar da masu riƙe shi.

Yanzu sai mu dubi kanmu. Mu da muka yi boko muka yi allo, muna da salula a aljihu, amma a unguwarmu ta Maraɗi ko Damagaram ko Yamai akwai yarinyar da aka cire daga aji aka ɗora mata tiren talla, akwai tsohuwar da ba mai kai ta likita. Sau nawa muka yi taro muka watse ba wanda ya je ya duba su? Ɗan uwa, ƴar uwa, kafin taron baɗi zaɓi gida ɗaya. Ka koya wa yaro guda karatu, ki zauna da mata uku ki gyara musu Fatiha, sannan ku koya wa wani yadda zai ci gaba in ba ku nan.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya gafarta wa kakanninmu baki ɗaya, ya ba mu ikon taimakon juna. Amin.