Nana Asma'u: Malamar da ta kai ilimi ƙauye ta hannun jajojinta

Fiye da shekara 160 bayan rasuwar Nana Asma'u 'yar Shehu Usman Ɗanfodiyo, har yanzu sunanta na fitowa duk lokacin da aka tayar da zancen ilimin mata a ƙasar Hausa. Galibi an fi saninta da rubuta waƙoƙi. Sai dai aikin da ya fi taɓa rayuwar talakawa shi ne tsarin 'Yan Taru, wanda ta kafa domin matan karkara da ba su da hanyar zuwa gaban malami.

Yarinta cikin yaƙi

An haife ta a Degel a wajajen shekarar 1793. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye aka haifa, ita da ɗan'uwanta Hassan, amma Shehu bai raɗa mata Usaina kamar yadda aka saba ba, ya sa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar.

Ta taso a gidan da mata ke karatu kamar maza. Mahaifinta ya yi kakkausar suka a littafinsa Nurul Albab ga malaman da ke koyar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta iya Larabci da Fillanci da Hausa, tana kuma jin Buzanci.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Shekarun da suka biyo baya na yaƙi ne da yunwa da ƙaura daga sansani zuwa sansani, har aka ci Alƙalawa a 1808. A cikin wannan lokaci ne aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama wazirinsa.

Matsalar da yaƙi ya bari

Bayan rasuwar Shehu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi. Daular ta faɗaɗa, amma ƙauyuka sun cika da matan da mazansu suka mutu a fagen fama, da waɗanda aka kamo a yaƙi, da waɗanda ba su san ko Fatiha ba. Da yawa daga cikinsu bori suka sani, a wurinsa suke neman magani da mafita idan rayuwa ta yi tsanani.

Malamai suna birni, littattafai kuma da Larabci da Fillanci aka rubuta mafi yawansu. Matar aure mai goyo a ƙauye ba ta da halin barin gida ta yi tafiyar kwanaki don ɗaukar karatu. Idan aka bar waɗannan mata haka, 'ya'yan da za su raina ma haka za su taso.

Yadda 'Yan Taru ke aiki

A wajajen shekarun 1830, Asma'u ta fito da dabara. A ƙauyuka ta riƙa zaɓar dattijuwa mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta shugabar mata, ana kiranta jaji, sunan da ake kiran jagoran ayarin fatake da shi. Alamar naɗin ita ce malfa da jan rawani. Irin malfar nan ce Innar Gobir, shugabar 'yan bori, ke sanyawa, don haka mata sun riga sun san ta a matsayin alamar iko. Asma'u ta ɗauki alamar ta ba ta sabuwar ma'ana.

Jaji ce ke jagorantar ayarin mata zuwa wurin Asma'u, yawanci a ƙafa. Waɗanda ke tafiyar 'yan mata ne da ba su yi aure ba da kuma tsofaffi da suka gama haihuwa, domin su ne ba su da nauyin da zai tsare su a gida. Sukan zo da sadaka kamar hatsi da zuma da man shanu da tufafi, a raba wa mabuƙata. Idan suka koma gida, sai su shiga gida-gida suna koyar da matan aure abin da suka ɗauko.

Da waƙa ake karatun, domin wadda ba ta iya karanta ajami ba za ta iya haddacewa tana daka ko tana kaɗi. Asma'u ta tsara waƙar da ke jera sunayen surorin Alƙur'ani, da wadda ke ba da tarihin mata salihai, da Waƙar Gewaye mai labarin jihadi. Ta kuma mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, waƙar da ke gargaɗin masu mulki da alƙalai kan zalunci da cin haƙƙin talaka. Ta haka macen ƙauye ta san abin da shari'a ta ɗora wa shugaba, ta san kuma nata haƙƙin.

Aikin jaji bai tsaya ga karantarwa ba. Ita ce ke tara mata su duba marasa lafiya, su yi wa mamata mata wanka, kuma ta sasanta tsakanin mata idan saɓani ya taso. Asma'u ta ɗauke su da daraja ƙwarai, har ta yi wa ɗaya daga cikinsu mai suna Hauwa'u waƙar ta'aziyya, kamar yadda ta yi wa Bello da mijinta Giɗaɗo.

Abin da ta bari

Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato, kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ce ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, daga baya Ta Modi ta karɓa. Tsarin ya tsallake zuwan Turawa a 1903, domin ba ya dogara da gini ko albashi.

Rubuce-rubucenta kimanin 60 ne suka tsira, mafi yawa a hannun gidan Wazirin Sakkwato. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara su suka buga a 1997, abin da ya sa aka san ta a jami'o'in duniya. A yau akwai makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai masu sunanta a Arewa, kuma wasu mata Musulmi a Amurka sun ɗauki sunan 'Yan Taru suna karatu a kan tsarinta.